Wa Ya Shanye Mana Ruwa?

A ƙasar Zazzau idan famfo ya ƙafe ba ma wahalar da kanmu da bincike, don mun riga mun san wanda ya shanye. Mutumin cikin Birni zai ce 'yan Sabon Gari ne, su da otal-otal ɗinsu da wuraren wankin mota. Ɗan Sabon Gari zai ce ai Birni aka karkatar da shi, can manya suke, wa zai bar ƙofar fada a bushe? Na Tudun Wada da yake a tsakiya Allah ya ajiye shi, yana da 'yancin ɗora wa kowane ɓangare, ya danganta da inda ya fuskanta da ya fito daga masallaci. 'Yan Samaru kuwa kowa suke zargi, har da jami'ar da ke jikinsu, alhali ita tana da nata dam ɗin a kan Kubanni da nata wurin tace ruwa tun da daɗewa.

Wannan duk tsohuwar rigima ce, mun gaje ta. Matatar farko ta Zariya tun 1939 aka gina ta, lita miliyan 10 take iya bayarwa a rana. A 1975 aka tare kogin Galma, aka ƙara wata mai lita miliyan 50. Daga nan gari ya yi ta haihuwa, unguwanni suka yi ta tsirowa a inda dā gonakin dawa ne, ruwa kuma yana nan yadda aka bar shi, injuna ma suna tsufa. Akwai unguwannin da yaro zai tashi ya ga kan famfo a tsakar gidansu, amma abin da ya san ana yi da shi shi ne ɗaure akuya ko rataye tsumma.

Sai aka zo da babban aiki. A 2008, zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka ba da kwangilar sabuwar matata mai lita miliyan 150 a rana. Ya tafi Abuja ya zama mataimakin shugaban ƙasa, Patrick Yakowa ya zo, Ramalan Yero ya zo, sai a 2017 zamanin Nasir El-Rufa'i aka yanke ƙyalle. Yaron da aka raɗa wa suna shekarar da aka sa hannu a takarda, ya yi nisa a firamare kafin a buɗe. Gwamnatin tarayya ta gina dam ɗin Galma can ƙasar Kubau, aka ciwo bashi daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka don manyan bututai da tankuna da jan layi cikin unguwanni. Kuma aka ce wannan karon ruwan ba na Zariya da Sabon Gari kaɗai ba ne: har da Giwa, da Kudan, da Makarfi, da Soba, da Kubau, da Ikara. Ƙananan hukumomi 8 a bututu ɗaya.

Wani tsoho a majalisarmu da ya ji lissafin sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Shari'a ma huɗu ta yarje wa namiji, saboda ta san halin adalcinsa. Ku kun haɗa takwas a tukunya ɗaya, kuna jiran zaman lafiya?" Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Tun daga ranar, in ruwa ya zo mana sai ka ji ana cewa yau kwananmu ne. In ya ɗauke, an tafi ɗakin amarya. Wace ce amaryar? Kowa da tasa.

Ni dai wanda ya fi ba ni nishaɗi a cikin wannan gida shi ne kawuna na Anchau. In ya zo biki ko suna aka miƙa masa ruwa a kofi, ba ya cewa an gode. Sai ya ɗaga kofin ya duba, ya ce, "To, madalla, kun dawo mini da kaɗan daga ciki." Hujjarsa ita ce dam ɗin a ƙasarsu yake, gonakin mutanensu ruwan ya kwanta a kai, daga wajensu yake gangarowa ya zo nan a tace shi, sannan su zauna jiran a tuna da su a turo musu ta bututu. "Ɗan nan," in ji shi, "ruwa ya wuce ta bayan gidana da ƙafarsa, ya zo Zariya ya yi karatu, yanzu in ina son ganinsa sai na cike takarda."

Ba a barinsa haka nan. Akwai wani malamin makaranta da kullum yake tare shi da cewa, "Allah ya ja zamanin Kawu, ai kogin ba a Kubau aka haife shi ba. Daga gefen tsaunukan Jos ya taso, ku ma wucewa ya yi ta wajenku." Kawu sai ya ce baƙon da ya kwana a gidanka ai ya zama naka. Malam ya ce to in haka ne, mu ma ya kwana a namu, kuma daga nan kogin Kaduna yake zuba, ke nan mutanen Kaduna ragowarmu suke sha, sai mu tura musu takardar kuɗi. A nan ne kawai na taɓa ganin Kawu da Malam sun yarda da juna.

Mutanen Makarfi da na Hunƙuyi su ma suna da nasu. In ka ce musu rake da tumatirin rani sun fi kowa shan ruwa a ƙasar nan, injin ban-ruwa a kowace fadama, sai su tambaye ka wa ke shan raken. Su tambaye ka miyar gidanku da me ake yin ta. Ba ka da amsa, bakinka ma da sauran ɓawon rake. Gaskiyar maganar ita ce duk noman da ake yi a bakin kogi yana komawa kan matata: ƙasar da aka kafce ruwan sama ya wanke ta ta cike dam, taki da maganin feshi su bi ta, a damina ruwan ya zo jawur sai an ƙara masa magani kafin ya kwanta. Amma wa zai faɗa wa manomi ya matsa daga fadama, alhali kai ma ranar kasuwa kana can kana taya kwando?

Wanda ya fi kowa sanin cikin lamarin a unguwarmu shi ne Baba mai gyaran famfo, wanda ya tsufa yana haƙa rami yana ɗaure bututu. Shi ba ya shiga musun Birni da Sabon Gari. Yakan ce ruwa bai san shugaban ƙaramar hukuma ba, bai san iyaka ba, abu uku ya sani: tudu, da nisa, da rami. Daga matata inji ne ke tura shi zuwa tankunan da aka ɗora a bisa, daga tanki ya gangaro da nauyinsa. Wanda ke kwari shi zai fara samu, wanda ke tudu sai bututu ya cika ya tumbatsa. Duk tafiyar da ya yi a cikin bututu ƙarfinsa raguwa yake, shi ya sa garuruwan nesa sai an sa musu wani injin a hanya ya ƙara tura shi. Injin nan kuma wuta yake ci. In aka ɗauke wuta a matata ko a tashar hanya, ba wani ɗan Sabon Gari da ya taɓa maka ruwa, yana can shi ma yana zagin ka.

Sai rami. A nan Baba yakan gyara zama, mu kuma mu fara duban ƙasa.

Kowa ya san yadda muke yi ranar da ruwa zai zo. Ba a rufe kan famfo a gidajenmu, a buɗe ake barin shi da daro a ƙasa, don shi ne mai gadin da zai tashe mu. Cikin dare sai ka ji ya fara huci, iska ce zalla, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake. Daga nan ya tofo wani jan abu mai tsatsa, a zubar, sannan farin ya biyo. Kafin ka ce me, gida ya tashi. Uwargida ta leƙa ta katanga, "Maman yara, ya zo wajenku?" "Ya zo, Hajiya, amma siriri ne." A tashi 'yan mata da bokitai, a jawo duro, a wanke randa, har tukunyar da aka dafa taliya jiya a ɗauraye a tara. Wata ta ɗauko wankin da ta tara tun sati biyu ta fara a tsakiyar dare.

Ana cikin haka sai ka ji wani ƙara daga gidan Alhaji na bakin layi. Ya kunna injin zuƙo. Injin nan kai tsaye aka haɗa shi da bututun layi, yana jan ruwa da ƙarfi yana hawar da shi tankunan da ke saman bene. Kafin a ƙirga goma, abin da ke zuba a gidajen bayansa ya koma zare, daga zare ya koma ɗigo. Hajiya ta dubi bokitinta rabi ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da mutanen Sabon Gari." Alhali wanda ya shanye yana jin ta, katanga ɗaya ce tsakaninsu, gobe da asuba sahu ɗaya zai tsaya da mijinta.

Kuma kada a ɗauka Alhaji ne kaɗai. Duk wanda ya samu hali a cikinmu injin nan yake fara saye, kafin ma ya canza wa yara katifa. Da na biyu ya saya, na uku ya ga in bai saya ba ya mutu, sai layi gaba ɗaya ya koma gasar zuƙo, wanda ba shi da kuɗin inji kuma ya haƙa rami a ƙofar gida ya yanke bututun a ƙasa, don a can ne kaɗai ruwan ke iya fitowa. To abin da layinmu ke yi wa layin baya, shi unguwarmu ke yi wa unguwar gaba, shi gari ke yi wa garin da ke ƙarshen bututu. Laifi tudu ne, kuma a wannan harka har tudun gaske akwai.

Ka bi kwatar kowace tsohuwar unguwa ka duba. Za ka ga siraran bututan roba guda goma, guda ashirin, sun jeru a cikin kwatar suna tafiya tare, kowanne da gidan da ya nufa. Rabinsu da dare aka haɗa su, da fitilar waya, ba takarda ba sanarwa. Inda ya fashe an naɗe shi da robar tayar keke. Lokacin da ruwa ke ciki, yana tsartuwa waje, asara ce amma da sauƙi. Lokacin da aka ɗauke, bututun da babu komai cikinsa shi ke tsotsar abin da ke kewaye da shi, abin da ke kewaye da shi kuma kun san ko mene ne. Ruwan da aka tace da alam, aka sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, aka auna shi a matata, sai ya zo taku ashirin daga randarka ya haɗu da kwata. In yara suka kwanta da taifot ko gudawa, mu ce iskar bana ce.

Wani Bakano abokin wasanmu da ya zo ya ga wannan jerin bututai ya tsaya ya riƙe haɓa. Ya ce dama an ce Zage-zagi akwai ilimi, ashe har kwata kun koya wa aikin injiniya. Muka ce ya koma ya duba ta Fagge tukuna sannan ya dawo mu yi magana. Bai dawo da maganar ba.

Sai batun biya, inda malantarmu take tashi. Ranar da takardar kuɗin ruwa ta shigo layi, kowa ya zama mai wa'azi. Ruwa na Allah ne, wa ya isa ya sayar? Baba mai gyaran famfo yakan ce ƙwarai kuwa, na Allah ne, yana nan a Galma, ga hanya, a ɗauki jarka. Wanda ke zuwa tsakar gida kuwa akwai alam a cikinsa, da kuɗin wuta, da man inji, da albashin wanda ya kwana yana gadin injin, ba ko ɗaya da ya sauko daga sama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin dariyar shi ne, mu ɗin nan da ke jan aya a kan takarda, ba mu taɓa ja da ɗan garuwa ba. Ya turo kurarsa da jarkoki, ya faɗi kuɗi, a bazara ya ƙara, mu biya a take har da "sannu da ƙoƙari." Ba mu tambaye shi daga wace rijiya ya ɗebo ba. Mu sayi fiya wata na sha, mu sayi na garuwa na wanki, in aka tara abin da gida ɗaya ke kashewa a wata ya ninka abin da ke jikin takardar nan. Amma ita takardar tana da wani aibi: wanda ya kawo ta ba ya tsayawa a ƙofa da jarka a hannu.

Ban ce duk mai ƙin biya ba shi da hujja ba. Wanda aka yanka wa kuɗi iri ɗaya da na maƙwabcinsa mai tankuna uku, shi kuwa ɗigo ya samu, yana da abin faɗa. Mita ce maganin wannan, kowa ya biya abin da ya sha, sai dai mu da mita ba ma ga maciji, ko a wuta ko a ruwa. Haɗin garuruwa kuma ya ƙara mana wata mafaka: kowa na ganin ai akwai masu biya a wani wuri. Na Birni ya ce 'yan kasuwar Sabon Gari su biya, su ke da kuɗi. Na Sabon Gari ya ce sai ya ga takardar ta shiga gidajen sarauta. Na Giwa ya ce sai ruwan ya riƙa zuwa kullum. Ruwan kuma ba zai zo kullum ba sai an biya. Shi kuwa bashin bankunan nan ba ya jiran a gama wannan musu, daga asusun jiha ake cire shi, wato har mutumin Birnin Gwari da na Kafanchan suna taya mu, ba su ma san an yi ba.

Wani zai ce to me ya kai mu haɗa kai tun farko? Kowane gari ya yi nasa mana. Ni a nan ina bayan haɗin, duk da surutun da nake yi. Ƙasar Zazzau a kan dutse take zaune. Burtsatse a nan ba kogi yake tarar ba a ƙasa, 'yan tsagogin dutse ne da ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke samansa, shi ya sa wani ya haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi da ƙura, da yawa kuma in bazara ta yi nisa sai su ja baya. A cikin gari ga shadda a kowane gida, taku kaɗan daga rijiya. Kogin da zai iya ɗaukar wannan jama'a guda ɗaya ne. Kuma Hunƙuyi ko Maigana ita kaɗai ba za ta iya riƙe matata da masu auna ruwa da injiniyoyi ba, ko ta gina, shekara biyu ta zama wurin shanya barkono. Lita miliyan 150, in ka zuba a jarka mai lita 25, jarka miliyan 6 ke nan kowace rana. Ba adadin 'yan garuwan da zai tura wannan.

Sai dai bututu yana da wata matsala da 'yan siyasarmu: a ƙarƙashin ƙasa yake. Ba a rubuta suna a jikinsa, ba a ɗaukar hoto da shi, ya ratsa mazaɓu da yawa ba wanda zai ce nawa ne. Burtsatse mai sola kuwa, da tanki a sama da allo a gaba, sunan mai girma da manyan baƙaƙe, ranar buɗewa har da maroƙa. Mu ma shi muke roƙa in sun zo neman ƙuri'a. Ban taɓa jin wanda ya miƙe a taro ya ce a canza mana tsohon bututun da ya ruɓe tsakaninmu da unguwar gaba ba. Ita hukumar ruwan ta jiha ce, hedikwatarta na Kaduna, ba shugaban ƙaramar hukumar da ke da iko da ita. Saboda haka wanda muka ɗauka da girma shi ne mai makullin bawul, wanda ke zuwa a kan babur da dogon ƙarfe ya buɗe wa wannan layi ya rufe wa wancan. Shi ake ce wa ranka ya daɗe da gaske. Kansila ya wuce a ɗaga masa hannu, mai makulli ya wuce a miƙe tsaye, a tambayi iyali, a ce yaushe za a waiwaye mu.

Kwanaki Mai Unguwa ya tara mu a kan lamarin. Aka yi shawara mai kyau: a kafa kwamiti, a hana injin zuƙo, a tono bututan kwata a mayar da su bisa hanya, kowa ya riƙa biya, sannan a je da murya ɗaya a nemi haƙƙi. Aka zo zaɓen shugaba, sai aka ga ba wanda ya dace sai Alhaji na bakin layi, don shi ke da mota kuma shi ake jin maganarsa a ofis. Ya karɓa da tawali'u. A zama na biyu aka cire maganar inji daga ajanda, wai kada a fara da abin da zai raba kai. A zama na uku wani ya ce duk wannan doguwar hanya ce, me zai hana mu yi karo-karo mu haƙa namu burtsatsen? Nan take hannaye suka tashi, har da na waɗanda suka ce ba su da kuɗin takarda.

An haƙa, Allah ya sa an dace. An ɗora tanki, an ja famfo huɗu a jikin katangar masallaci. Wata guda ana zaman lafiya, sai rigimar wa zai sayi mai ranar da babu wuta, da wa ya bar yaransa suka karya kan famfo, da dalilin da zai sa mai mata uku ya ba da daidai da gwauro.

Shekaranjiya kuma sai ga dattawan layin baya sun yi sallama, su uku, da goro. Suka ce sun ga abin arziki, suna roƙon a bar su su ja tiyo ɗaya zuwa wajensu, za su riƙa ba da nasu kason. Aka ce su ɗan ba mu wuri. Suna fita Alhaji ya ce shi ba ya ƙin taimako, amma a duba, in aka ba su namu zai ragu, kuma mutanen layin baya an san su da ɓarnar ruwa. Liman ya ce maƙwabci yana da haƙƙi. Ma'aji ya ce haƙƙi daban, kuɗin mai daban, kuma wa zai bi su karɓa? Wani ya ce a ba su amma da dare kawai, bayan kowa ya cika. Baba mai gyaran famfo ya ce layin baya ya fi namu kwari, in aka haɗa su za su riga mu samu. Wurin ya yi tsit, sannan kowa ya fara magana lokaci guda.

Mai Unguwa ya sa aka kira su, ya gode musu da goro, ya ce kwamiti zai duba, su dawo bayan salla.